Tambaya da Amsa: Lokacin Shuka da Gyaran Bakin Shinge a Lambun Tarayya

Wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun fi karkata ga lambun da maƙwabta suka yi tarayya a kansa a tsakiyar gari. Mun zaɓi uku daga cikinsu, biyu daga Ingila, ɗaya daga Kano, mun kuma taƙaita su saboda ƙarancin wuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Shekara uku ke nan muna zaune a yammacin Landan, a ɗaya daga cikin gidajen benen da suka kewaye wani lambu mai shingen ƙarfe, wanda ba mai shigarsa sai mazauna gidajen da aka ba makulli. A taron bana aka saka ni cikin kwamitin lambun, aka ɗora mini gyaran fangalin da ya bi bakin shinge, wanda ya zama ƙeƙasasshiyar ƙasa a ƙarƙashin manyan itatuwa, ga kuma ɗan gajeren shingen ganye da tsutsa ta cinye ya koma tsinke. Da na ce a bari sai sanyi ya wuce, wajen watan Mayu, mu yi shuka gaba ɗaya, sai na ga dattawan kwamitin suna murmushi. Ni 'yar manomi ce daga ƙasar Katsina, abin da na sani shi ne ba a shuka sai ƙasa ta jiƙa, gari ya yi ɗumi. A ina na kuskure? Daga wata mai karatu a Landan.

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Abin da kika koya a gonar mahaifinki daidai ne, domin ko'ina a duniya saiwa tana neman ƙasa mai laima da ɗumi kafin ta kama. Abin da ya bambanta shi ne watan da waɗannan biyun suke haɗuwa. A ƙasar Katsina sai an shiga Yuni ko Yuli, a Landan kuwa daga tsakiyar Satumba zuwa Nuwamba ne, lokacin da ƙasa ba ta gama sakin ɗumin da ta sha a watannin zafi ba, ruwan sama ya dawo, rana kuma ta yi raunin da ba za ta iya busar da shi ba. Daidai sa'ar da ganye ke zuba, baƙo yake ganin kamar komai na shirin mutuwa, mai lambun can yana tsakiyar daminarsa. Na taɓa ratsawa ta gefen irin wannan lambu a wani yammacin Nuwamba, ƙarfe huɗu duhu ya fara shiga, na hangi wani tsoho durƙushe a kan ninkakken buhu, yatsunsa sun yi ja don sanyi, yana cusa wasu abubuwa masu kama da albasa cikin taɓo ɗaya bayan ɗaya. A lokacin na ɗauka tsufa ne ya taɓa shi, sai daga baya na gane furen watan Afrilu yake binnewa.

Mai yiwuwa ki yi mamakin jin cewa ruwan da ke sauka a Landan a shekara kimanin milimita 600 ne kawai, bai kai wanda Kano ke samu a damina mai kyau ba. Namu yana zubowa cikin wata huɗu, nasu kuwa yayyafi ne da ya rarrabu a kan wata goma sha biyu. Saboda haka shukar da aka dasa a Mayu, saiwarta ba ta yi nisa ba, ita ce take fara galabaita idan Yuli ya zo da fari. A Yulin 2022 zafi ya haura digiri 40 a Ingila a karo na farko tun da aka fara aunawa, a watan Agusta kuma kamfanin ruwan Landan ya hana ban-ruwa da tiyo. Dattawan da suka yi miki murmushi sun ga abin da ya sami sababbin dashe a wannan shekarar.

Kafin ki taɓa shebur, ki nemi takardar dokokin lambunku ki karanta, domin waɗannan filaye suna da tsohon tarihi da tsofaffin ƙa'idoji. Wata doka ta 1931 ta kare irin waɗannan filaye na Landan fiye da 400 daga a yi gini a kansu, a gundumar Kensington da Chelsea kuma akwai lambunan da tun dokar 1851 kwamiti ke yanke kuɗin kula da lambu, hukumar gunduma ta karɓo shi daga mazauna tare da harajin gida. Wato kowace kwabo da za ki kashe ta fito ne daga aljihun maƙwabcin da zai tare ki a bakin ƙofa ya tambaye ki dalili. Ki zana abin da kike so ki yi a takarda guda, da ƙiyasin kuɗinsa, ki liƙa a ƙofar lambun tun wajen Yuni, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma masu sayar da dashe sukan karɓi odar kaka tun da zafi. Shawarata ita ce a shekarar farko ki ɗauki gefe ɗaya kaɗai cikin huɗun, wanda aka fi gani daga ƙofa. Idan ya yi kyau, shi zai nemar miki kuɗin sauran ukun.

Manyan itatuwan da kika ambata, idan ɓawonsu yana ɓarewa dabbare-dabbare kamar kakin soja, 'ya'yansu kuma suna reto kamar ƙananan ƙwallaye, to itacen filen ne, wanda aka cika Landan da shi saboda yana jure hayaƙi. Na dandalin Berkeley da ke tsakiyar Landan tun 1789 aka dasa su, har yau suna tsaye. Su ne ainihin masu fangalin nan naki, domin ganyensu yana tare ruwa da haske daga sama, saiwarsu kuma tana shanye laima daga ƙasa, galibinta a cikin santimita 60 na farko. Kada ki bari a shiga wurin da garma ko injin kaftu, kada kuma a jibga sabuwar ƙasa a gindinsu da sunan cike wuri, domin hakan yana shaƙe saiwa, yana ruɓar da ɓawo.

Ki ɗebi ƙasar cikin tafin hannu, ki ɗiga mata ruwa, ki murza. Idan ta miƙe kamar igiya tana sheƙi irin na yumɓun maginan tukwane, to lakar Landan ce, wadda take zama taɓo da sanyi, ta daddare ta tsattsage da zafi. Irin wannan ƙasa ba a taka ta ko a haƙa ta tana jiƙe sharkaf. Maganinta shi ne a lulluɓe ta kowace shekara da ruɓaɓɓen ganye ko takin da ya gama ruɓewa, kaurin santimita 5 zuwa 7, a bar tazara tsakaninsa da gindin itace, sannan a ƙyale tana ta ja shi ƙasa da kanta. Ganyen kuwa kuna da shi kyauta, sai dai na filen yana da tauri kamar fata, yakan kai shekara biyu ko fiye bai ruɓe ba, don haka a sa gadina ya bi ta kansa da injin yankan ciyawa ya daddatsa shi, a tara shi cikin kejin waya a wani lungu da ba a gani. Wasu kwamitocin suna biyan kuɗi a kwashe musu ganye a Nuwamba, sannan su biya wani kuɗin a kawo musu taki a Maris, abin da ban taɓa fahimtar hikimarsa ba.

Game da abin da za a dasa, zan ba ki sunayen yadda za ki same su a rubuce a wurin masu sayarwa. Busasshiyar inuwa ba kowace shuka ke jure mata ba, amma Epimedium da Geranium macrorrhizum suna shimfiɗuwa su rufe ƙasa har ciyawa ta rasa wurin tsira, Sarcococca yana riƙe koren ganyensa duk shekara, yana kuma yin ƙananan fararen furanni a Janairu waɗanda ƙamshinsu ke tarar mutum tun daga nesa, Cyclamen hederifolium kuwa yana fure a Satumba a tsakanin saiwoyin itace, inda ba abin da ke yarda ya zauna. Ki sayi ƙanana, na cikin ƙaramar tukunya, domin ramin da suke bukata bai kai ya yanki saiwar itace ba, sun kuma fi manya saurin sabawa da wuri. Iri huɗu ko biyar da aka maimaita gungu-gungu sun fi iri ashirin da kowane maƙwabci ya kawo nasa, kuma a nan ne za ki sha fama, domin a lambun tarayya kullum akwai mai kawo furen da aka ba shi kyauta ya rasa inda zai kai. Ki ware wa irin waɗannan wani ɗan lungu tun da wuri, ki huta da ɓacin rai. Ko da shukar mai jure fari ce, sai an shayar da ita sosai sau ɗaya a mako a watannin zafi na shekara biyun farko, saboda haka ki sami sunayen masu ban-ruwa a rubuce kafin a sayi ko guda.

Furannin da ke fita daga albasa su ne za su fi saurin wanke ki a idon jama'a, domin suna yin fure daga Fabrairu zuwa Afrilu, kafin filen ya yi ganye ya tare rana. Dafodil da kurokus ana binne su a Satumba da Oktoba, tulif kuwa sai Nuwamba, lokacin da sanyi ya rage ƙarfin wata cutar ruɓa da ke kama shi. Zurfin rami ya kai tsawon albasar sau biyu zuwa uku, tsinin yana duban sama. Bayan furen dafodil ya bushe, a bar ganyensa aƙalla mako shida ba a yanke ba, ko da masu son tsabta sun yi gunaguni, domin a lokacin ne albasar ke tara abincin baɗi. Ki kula da abu biyu. Albasar dafodil guba ce, ta kuma yi kama da ta miya, har a 2015 hukumar lafiya ta Ingila ta gargaɗi manyan kantuna da su nisanta ta daga wurin kayan miya, don haka kada a ajiye buhunta a ɗakin girki. Na biyu shi ne kuregen can, mai ruwan toka da hawan itace, wanda bai gaza na tatsuniyarmu wayo ba. Yana zaune a reshe yana kallon mai binne tulif da kurokus, da an juya baya ya sauko ya tone, shuka a idon makwarwa ke nan. A shimfiɗa ragar waya irin ta kejin kaji a kan wurin, a rufe da ƙasa kaɗan, ko kuma a yawaita dafodil, wanda ba ya ci. Takin garin ƙashi da busasshen jini da ake sayarwa a kantunan lambu kuma a guje shi, domin ƙaurinsa yana jawo yanyawar gari ta zo ta tone fangali da dare.

Gajeren shingen nan kuwa, kusan tabbas bokis ne, wato wani ɗan itace mai ƙananan ganye da ake shinge da shi a can, tsutsar kuma ta wani faɗa-wuta ce ɗan asalin gabashin Asiya, wadda aka fara gani a lambunan gidajen Ingila a 2011, ta kuma mamaye Landan cikin 'yan shekaru. Idan kika buɗa rassan za ki ga saƙa kamar ta gizo-gizo, da koriyar tsutsa mai baƙin kai. Ana iya yaƙarta da tsinta da hannu da feshi sau da yawa kowace shekara, amma a lambun da masu aikin sa kai ke riƙe da shi, ban ga wanda zai ɗore da wannan ba. Gara a tumɓuke shi a maye gurbinsa tsakanin Nuwamba da Maris, lokacin da ake sayar da dashe da saiwa tsirara, ba tukunya, a farashi mai sauƙi ƙwarai. Yawancin masu lambu suna komawa ga Taxus baccata, wani itace mai koren ganye duk shekara, wanda yake jure inuwa, yake kuma karɓar aski da kyau, sai dai ba ya son ƙasar da ruwa ke kwanciya, ganyensa da ƙwallonsa kuma guba ne. Idan yara ƙanana suna wasa a wannan gefen, a kai maganar gaban taro, kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Watan Mayun da kika ambata ma yana da nasa aikin. Furanni marasa jure sanyi, irin su begoniya da felargoniyam, ba a fitar da su sai ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, bayan raɓa ta daina daskarewa da asuba. Tukwane biyu ko uku a bakin ƙofa sun isa, domin sanyin farko na kaka zai kashe su, kuɗin kuma ya fi amfani a taki.

TAMBAYA: Malam, lambun da ke bayan gidanmu a arewacin Landan na tarayya ne. Ina so in ɗan shuka alayyafo da yakuwa da kuɓewa a wata kusurwa da ba mai zuwa, sannan akwai reshen da ya tare mini haske a taga, wanda nake ganin zan iya sare shi da kaina ranar Asabar. Ko akwai laifi? Daga wani magidanci a Landan.

AMSA: Maganar reshen ita ce mai haɗari, Alhaji, don haka da ita zan fara. Yawancin irin waɗannan lambuna suna cikin unguwannin da doka ta kare kamanninsu, inda duk itacen da kaurin gindinsa ya wuce santimita 7.5, idan aka auna a tsayin mita ɗaya da rabi, ba a sare shi ko a rage masa reshe sai an ba hukumar gunduma sanarwar mako shida. Wasu itatuwan ma suna da takardar kariya ta musamman, sai da izini a rubuce. Ban da wannan, dokar 1981 ta haramta lalata sheƙar tsuntsu da ake amfani da ita, shi ya sa ake kauce wa manyan sare-sare daga Maris zuwa Agusta. Itacen kuma ba naka ba ne kai kaɗai. Ka ajiye zarto, ka rubuta wa kwamiti.

Kusurwar da kake ganin ba mai zuwa, ina tabbatar maka akwai wanda yake kallonta ta tagarsa kullum, saboda haka ita ma ka nemi izini. Idan an ba ka, alayyafo yana yi a can idan aka shuka shi daga ƙarshen Mayu a wuri mai rana. Yakuwa za ta ba ka ɗan ganyen miya, amma kada ka sa rai da zoɓorodo, domin ba ta fure sai yini ya gajarta, kafin nan kuwa sanyi ya cim mata. Kuɓewa sai cikin ɗakin gilashi ko na leda. Ka yi shukar cikin akwatin katako da sabuwar ƙasa, domin ƙasar tsohon birni takan ƙunshi dalma daga tsohon fenti da hayaƙin mota na da. Idan abin ya shiga ranka sosai, ka sa sunanka a layin 'yan gonakin da hukumomin gunduma ke bayarwa haya, amma ka shirya jira na shekaru.

TAMBAYA: Malam, a rukunin gidajenmu da ke Kano akwai fili a tsakiya wanda aka bari tun farko don shaƙatawa, yanzu ya zama juji da makwancin awaki. Mun yi karo-karo muna so mu mai da shi lambu mai koriyar ciyawa da furanni kamar wanda ɗaya daga cikinmu ya gano a Turai. Da me za mu fara, kuma a wane wata? Daga sakataren ƙungiyar masu gidaje, Kano.

AMSA: Allah ya saka muku da alheri, Malam Sakatare. Ku fara da takarda: ku je hukumar tsara birane ta jiha ku tabbatar filin yana nan a taswira a matsayin filin jama'a, ku kuma sa mai unguwa cikin maganar, domin fili mai shara da itatuwa ya fi juji jan idon masu neman wurin gina shaguna. Bayan takarda sai shinge. Duk dashen da aka sa a filin da awaki suka saba da shi ba tare da shinge ba, harawa aka saya musu da tsada. Na taɓa dasa zogale goma sha biyu a gefen masallacin unguwarmu da hantsi, na kewaye kowanne da 'yar ƙaya, kafin la'asar wata jar akuya ta tura kai ta ƙarƙashi ta bar mini sanduna goma sha biyu a tsaye.

Koriyar ciyawar da ɗan'uwanku ya gano, yayyafin wata goma sha biyu ne ya raine ta, ku kuwa kuna da wata bakwai ko takwas da ba ɗigon ruwa. Tulif da dafodil ma ku cire su daga lissafi, domin sai albasarsu ta sha makonni cikin tsananin sanyi kafin ta yi fure, hunturunmu kuma bai kai nan ba. Abin da filinku yake bukata shi ne inuwa, da kore a gefe, da tsakiya mai yashi da ake sharewa inda yara za su yi wasa. Idan dole sai an ga ciyawa, a sa kiri-kiri a ɗan wuri kusa da famfo.

Ga yadda watanni za su tafi. A Afrilu da Mayu a yi gayya a kwashe shara, a tsince leda da kwalba, a haƙa ramuka masu faɗi da zurfin santimita 60, a cuɗa ƙasar sama da takin shanun da ya gama ruɓewa a mayar. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, ɗanyen taki mai kara kuma gara yake kirawa. Dashe sai ruwa ya zauna, daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli, da yamma, kada a ruɗu da ruwan farko. Wanda ya kai ƙarshen Agusta bai dasa ba, ya bar wa baɗi. A yi wa kowane itace ɗan kwari a gindi, buɗaɗɗe ta inda ruwa ke gangarowa, irin dabarar tassa, wato ƙananan ramuka masu tara ruwan sama, da manoman ƙasar Tawa a Nijar suka farfaɗo da ƙeƙasassun gonaki da ita. Darbejiya, wadda aka shigo da ita Borno a 1928, har yau ba ta da na biyu wajen saurin inuwa da jure fari, maɗaci da tsamiya kuma na jikoki ne. Ceɗiya da gamji da durumi a nisanta su daga katanga da ramin shadda, domin saiwarsu tana fasa gini.

A bakin shinge ban san abin da ya fi lalle ba. Yana kamawa daga yankakken reshe, yana jure rani, yana karɓar aski, furensa kuma yana da ƙamshi, sai dai ku yanke tun yanzu wa ke da ikon tsinkar ganyensa, domin matan unguwa ba za su wuce shi ba. Bini-da-zugu awaki ba sa cin sa, amma 'ya'yansa guba ne ga yara, don haka ba na filin wasa ba ne. A gaban lallen a jera kariya, wadda take fure ja da tsakiyar rani ba tare da ta nemi ruwa mai yawa ba, ita ma a hana yara wasa da ruwan jikinta. Ƙananan furanni na lokaci guda kuwa sun fi kyau daga Oktoba zuwa Fabrairu, lokacin da 'yan lambu ke dasa latas da tumatir.

Ku yi lissafin ruwa kafin ku sayi dashe. Ƙaramin itace yana bukatar kimanin jarka guda sau biyu a mako a raninsa na farko da na biyu, wato itace ashirin jarka arba'in ke nan kowane mako daga Nuwamba zuwa Mayu. Ku tambayi 'yan garuwan unguwarku farashin watan Afrilu, ku ninka, adadin itacen da asusunku zai iya shayarwa shi za ku dasa. Tulun ƙasa da aka binne zuwa wuya a gefen kowane dashe, aka cika shi da ruwa, aka rufe bakinsa da sakaina, yana tsatsafar da ruwan a hankali kai tsaye zuwa saiwa, ya rage muku zirga-zirgar kura. Ku raba itatuwan gida-gida, a rubuta lambar gidan a jikin kejin kowanne da fenti.